Yadda Ake Kai Matsala Ofishin Walwalar Jama'a a Legas

Gwamnatin Jihar Legas tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, sauraron damuwar cikin gida: mijin da ya tafi ya bar mata da yara babu ci babu sha, yaron da ake azabtarwa, tsohon da ba shi da kowa, majinyacin da kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsa, mai taɓin hankalin da ke kwana ƙarƙashin gada. Albashinsu yana fitowa ne daga harajin jama'a, har da wanda 'yan kasuwarmu ke biya a Mile 12 da mayankar Oko-Oba. Amma je ka zauna a bencin jira na ofisoshin nan, da wuya ka ji ana Hausa. Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Ijora sun ɗauka abin na 'yan gari ne, ko kuma suna tsoron duk abin da ya haɗa su da hukuma ya zama kamu. Sai matsala ta ruɓe sannan a fara guje-guje.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne, waɗannan hidimomi na mazaunin Legas ne, ko a Isale Eko aka haife shi ko a Ɗanbatta. Abin da ke raba wanda aka saurara da wanda aka mayar gida, yawanci takarda ce da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da zuwa da wuri. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: tantance ko abin na gaggawa ne

Idan akwai jini, ko ana dukan mutum a yanzu, ko an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, kada a jira gari ya waye a tafi ofis. A kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar, kuma kyauta ne. Akwai kuma hukumar da aka kafa musamman domin cin zarafin cikin gida da fyaɗe, wadda ake kira DSVA. Ta fara a matsayin kwamiti a 2014, doka ta mayar da ita cikakkiyar hukuma a 2021. Layinta na kyauta shi ne 08000 333 333. Ajiye shi a waya yau, ko da ba ka da matsala, domin watakila maƙwabciyarka ce za ta buƙace shi da tsakar dare.

Kan fyaɗe zan tsaya kaɗan, domin a nan ne muke yin ɓarna mafi muni da sunan rufin asiri. Kada a yi wa yarinyar wanka, kada a wanke kayan da ke jikinta, a saka su cikin ambulan ko a naɗe a takarda mai tsabta. A kai ta asibiti a ranar. Maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72, bayan nan ƙofar ta rufe. Cibiyar Mirabel da ke cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, tana duba irin waɗannan yara da mata kyauta, ta ba da magani, ta rubuta rahoton likita wanda kotu za ta karɓa. Dokar laifuka ta Legas ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da yaro. Saboda haka ba magana ce da za a kashe a zaure ba, a ba uba 'yan kuɗi a ce a yi haƙuri an zama ɗaya. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai taɓa, kuma a cikin unguwar nan dai.

Idan abin ba na gaggawa ba ne, sai a nutsu a bi sauran matakan.

Mataki na biyu: haɗa takardu kafin ka fita daga gida

Mu mutane ne masu yarda da baki. An ɗaura aure a masallaci gaban shaidu, an raɗa wa yaro suna an yanka rago, an kama ɗaki an biya mai gida hannu da hannu. Duk halal ne, amma ma'aikacin gwamnati fayil zai buɗe, kuma fayil takarda yake ci.

Takarda ta farko ita ce lambar ɗan ƙasa, NIN. Yin rajistarta kyauta ne a ofishin NIMC. Ta biyu ita ce rajistar mazauna Legas, wadda hukumar LASRRA ke yi tun bayan kafa ta a 2011. Wannan ita ce shaidar cewa kai mazaunin jihar ne, kuma kusan duk wani tallafi ko rance ko inshorar gwamnatin jiha sai an tambaye ka ita. Ana yi a sakatariyar ƙananan hukumomi. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, don haka akwai wadda ke kusa da kai. Za a nemi katin shaida da wani abu da ke nuna adireshinka, kamar takardar kuɗin wuta ko rasiɗin haya. Wasu daga cikin mutanenmu suna gudun wannan rajista, wai dabara ce ta ƙirga baƙi a kore su. Ni a ganina wanda ba ya cikin rajista shi ne ya fi sauƙin kora, domin babu inda aka rubuta cewa yana nan.

Ta uku ita ce takardar haihuwar kowane yaro, daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ma'aikatanta suna zama a cibiyoyin lafiya na matakin farko da sakatariyoyi. Matan da suka haihu a gida sukan ɗauka sun rasa damar, alhali ana yi wa yaro rajista ko a ina aka haife shi. Ba tare da ita ba, tabbatar da shekarun yaro da sunan ubansa a gaban hukuma sai ya zama ja-in-ja.

Bayan waɗannan, tattara duk abin da ya shafi matsalar kanta. Idan aure ne, takardar ɗaurin aure daga masallaci in akwai, in babu a samu liman ko waliyyi ya rubuta shaida ya sa hannu. Takardar saki in an rubuta. Rasiɗin makarantar yara, katin asibiti, hotunan rauni, saƙonnin waya da na WhatsApp, har da saƙon murya. Kada a goge saƙon zagi ko barazana saboda ɓacin rai, hujja ce. A yi wa kowace takarda kwafi biyu a wajen masu hoton takardu, a ba ofis kwafin, asalin ya dawo gida.

Sannan a sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, mai shafi arba'in ya isa. A ciki za a riƙa rubuta ranar da aka je, sunan ma'aikacin da aka gani, abin da ya ce, da ranar da ya ce a dawo. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗansa ya rubuta masa.

Mataki na uku: gane ƙofar da ta dace

Uwar tafiyar ita ce Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma, wadda hedikwatarta ke sakatariyar gwamnati a Alausa, Ikeja. Ita ke kula da kare yara, sasanta iyali, riƙon marayu, gidajen gyaran hali da gidan tsofaffi. Amma ba sai ka je Alausa da farko ba. Tana da ofisoshin kula da iyali a sassan jihar, waɗanda kowa ke kira welfiya. Shiga sakatariyar ƙaramar hukumarku ka tambayi mai gadi ina welfiya take, zai nuna maka ko ya kwatanta maka.

Idan rigimar ta kuɗi ce ko haya ko bashi ko gado ko albashin da ubangida ya hana, akwai cibiyar sulhu ta jama'a, wadda aka fi sani da CMC, ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Kyauta take sasanta mutane, kuma tana da rassa a unguwanni da dama. Idan abin ya kai ga kotu kuma babu kuɗin lauya, ko an tsare ɗan'uwanka a caji ofis ko kurkuku, akwai ofishin lauyoyin talakawa, wanda aka fi sani da OPD, aka kuma kafa shi a 2000. Masu buƙata ta musamman, guragu da makafi da kurame da zabiya, suna da tasu hukumar, LASODA, wadda dokar 2011 ta samar. Mata da zawarawa masu son koyon sana'a suna da Ma'aikatar Harkokin Mata da Rage Talauci, mai cibiyoyin koyar da ɗinki da gyaran gashi da girki da sauransu ba tare da kuɗin makaranta ba.

Idan ka shiga ƙofar da ba ita ba, kada ka juya da fushi. Ce wa ma'aikacin ya rubuta maka sunan ofishin da ya dace a takarda, in da hali ya ba ka wasiƙar turawa. Wanda ya zo da wasiƙa daga wani ofishin gwamnati ya fi saurin samun kujera.

Mataki na huɗu: zuwa, da kuma wanda za a tafi da shi

Zuwa da kai ya fi aike. Mai matsalar ya je da ƙafarsa, sai fa in ciwo ya kwantar da shi. A fita da sassafe, ranar aiki, domin cunkoson Legas kowa ya san shi, kuma ma'aikatan sukan fita ziyarar gidaje ko kotu idan rana ta ɗaga.

Batun tafinta yana da muhimmanci ƙwarai. Aiki a ofisoshin nan da Turanci ake yi, da Yarbanci da buroka. Wanda bai ji ko ɗaya sosai ba ya tafi da mai fassara, amma a zaɓa da hankali. Kada mace ta tafi da ƙanin mijin da take ƙara ya zama bakinta. Kada a sa yaro ƙarami ya fassara rigimar iyayensa, nauyin ya fi ƙarfinsa kuma zai riƙe abin har girma. Mace ta samu mace 'yar'uwarta, malamar Islamiyya ko wata daga ƙungiyar mata ta masallaci. A gargaɗi tafintan tun a hanya cewa abin da aka faɗa zai faɗa, ba ƙari ba ragi, ba gyara don kunya.

Fadar Sarkin Hausawan unguwa tana da amfani a nan. A Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sauran wuraren da muke da yawa, akwai sarki da 'yan majalisarsa, kuma jami'an gwamnati sun san su. Wasiƙa daga fada mai cewa wance mazauniyar unguwarmu ce, mun san matsalarta, tana ƙara wa magana nauyi. Sai dai a san iyakar fada. Tana iya sulhunta miji da mata, tana iya tsaya wa mutum. Laifin fyaɗe ko azabtar da yaro kuwa ya wuce hurumin kowane sarki, kuma sarki nagari da kansa zai ce a kai hukuma.

Mataki na biyar: yadda ake ba da labari

Na taɓa raka wata baiwar Allah mai yara uku, mijinta ɗan acaɓa ne da ya bar gari bayan hana haya da babur a wasu ƙananan hukumomi a 2022, ya koma wata unguwa ya yi sabon aure, ya ɗauke ƙafa. Da ma'aikaciyar ta ce ta faɗi abin da ke tafe da ita, sai ta faro daga ranar da aka kai lefenta, da abin da uwar miji ta ce mata a wata Sallah. Hawaye na zuba, tana murza bakin mayafi. Ma'aikaciyar tana riƙe da biro, ba ta rubuta komai ba. Na taɓa ta na ce, “Yaya, bari mu fara da yaran. Su nawa ne, shekarunsu nawa, yaushe rabon da ya ba da kuɗin abinci?” Ta ce, “Tun kafin azumi, ƙanina. Babbar ma an koro ta daga makaranta.” Nan take biron ya fara tafiya. Ta kwance wata baƙar leda ta fito da katin rigakafin autan da rasiɗin makaranta da ya yi laushi don ninkewa, aka buɗe mata fayil.

Ma'aikacin walwala yana son jin abu huɗu: wane ne abin ya shafa, me ya faru kuma yaushe, ina wanda ake ƙara yake, me kake so a yi. Na ƙarshen nan shi mutane suka fi mantawa. Ka shirya amsarsa tun daga gida. Kuɗin abincin yara duk wata kike nema, ko a dawo miki da ɗan da aka ƙwace, ko a hana shi zuwa inda kike? Faɗi a fili. Ba da cikakken adireshin mutumin, tashar da yake aiki ko layin da rumfarsa take a kasuwa, da lambar wayarsa. Kada a ƙara gishiri. Za a kira ɗaya ɓangaren, kuma ƙarya guda ɗaya da aka kama tana zubar da gaskiya goma.

Kafin ka tashi, tambayi lambar fayil, da sunan wanda ke riƙe da shi, da ranar dawowa. Rubuta a littafinka. Kai ƙorafi irin wannan ba a sayen sa. Idan wani a bakin ƙofa ya ce ka kawo kuɗi zai shigar da kai, ɗan tsakani ne, wuce shi. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, nemi rasiɗi.

Mataki na shida: abin da ke biyo baya

Ofis zai aika wa wanda ake ƙara takardar gayyata. Ranar zama za a saurari kowa, wani lokaci a ware a ji ta bakin yara. Ma'aikacin yana iya zuwa gida ya ga inda yaran ke kwana, ya tambayi maƙwabta. Kada a ɗauki wannan cin fuska, aikinsa ne, kuma rahoton da zai rubuta shi alƙali zai karanta idan magana ta yi nisa. Idan an daidaita, za a rubuta yarjejeniya: nawa uba zai riƙa bayarwa, ranar nawa ga wata, wa ke biyan makaranta da magani, yaushe zai ga 'ya'yansa. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa sai an fassara kowane layi. Ina ba da shawara kuɗin ya riƙa shiga ta asusun banki, domin banki ba ya manta rana kuma ba ya jin kunyar kowa.

Ma'aikacin walwala ba alƙali ba ne, ba zai ɗaure kowa ba. Idan mutum ya ƙi amsa gayyata ko ya karya alkawari, sai a tura maganar kotun iyali. Dokar 'yancin yara ta Legas ta 2007, wadda ta biyo bayan ta tarayya ta 2003, ita ta tanadi waɗannan kotuna, a matakin majistare da babbar kotu. A wajenta yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ma'aunin hukunci shi ne abin da ya fi zama maslaha ga yaron. Ba a barin 'yan kallo su cika ɗakin shari'ar, ba a yarda a buga sunan yaron a jarida ba. Matan da ke tsoron tonon silili su san da wannan.

Akwai kuma dokar kariya daga cin zarafin cikin gida, ita ma ta 2007, wadda ke ba kotu ikon hana mai duka kusantar wadda yake duka. Ba sai aure ya mutu ake neman wannan umarni ba.

Wani zai ce, mu Musulmi ne, me ya kai mu kotun da ba ta shari'ar Musulunci ba? Gwamnatin Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci irin ta Kano ko Sakkwato. Malamai suna iya warware batun saki da idda da rabon gado, kuma ya kamata a je musu. Amma malami ba shi da ikon tilasta wa mutumin da ya toshe kunnensa. Ciyar da 'ya'ya da tufatar da su wajibi ne da addini ya ɗora wa uba tun kafin a rubuta kowace dokar jiha. Macen da ta nemi hukuma ta karɓo wa 'ya'yanta haƙƙin da Allah ya ba su ba ta yi abin kunya ba. Abin kunyar yana wajen wanda ya sa ta taka har can.

Idan matsalar a asibiti take

Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen ma'aikatan walwala na asibiti. Mutane da yawa suna kwana a barandar asibiti suna kiran 'yan'uwa a Arewa a turo kuɗi, ba su san ofishin yana bayan ginin da suke zaune ba. Tambayi nas mai kula da ɗakin ta nuna maka. Je tun ranar da ka ga lissafin ya fi ƙarfinka, kada ka bari sai an sallami majinyaci bashi ya taru. Za su tambayi sana'arka da abin da kake samu da wanda ke taimaka maka. Suna iya neman a rage, ko a ba ka damar biya kaɗan-kaɗan, ko su haɗa ka da masu bayar da taimako. Ba alkawari ba ne cewa za a yafe duka, amma wanda bai nema ba babu abin da zai samu.

Mafi alheri shi ne shiga inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, wadda hukumar LASHMA ke gudanarwa, tun ana lafiya. Ana biya na shekara, na mutum ɗaya ko na iyali, a zaɓi asibiti kusa da gida. Akwai kuma kason da gwamnati ke biya wa marasa ƙarfi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da ke tara kuɗin kai gawa gida, da za su ware wani abu su yi wa mambobinsu wannan rajista, da an rage yawan gawar da ake kaiwa.

Idan an tsinci yaro, ko yaro ya ɓata

A Arewa idan aka tsinci yaro akan kai shi gidan mai unguwa, a yi cigiya a masallaci, in ba a samu iyayensa ba wani ya riƙe don Allah. A Legas kada ka ajiye yaron da ba naka ba a gidanka ko da kwana ɗaya ba tare da sanin hukuma ba. Niyyarka tana iya zama fara tas, amma zargin satar yara a garin nan yana iya tara maka jama'a kafin ka buɗe baki. Kai shi caji ofis mafi kusa a rubuta. 'Yan sanda suna da cibiyar kula da yara a Alakara, Mushin, da kuma Adeniji Adele a cikin tsibirin Legas, daga nan ma'aikatar matasa ke karɓar yaron ta ajiye shi a gidan yara har a gano danginsa. Wanda nasa ya ɓata shi ma ta nan zai bi, da hoton yaron da takardar haihuwarsa.

Mai son riƙon maraya ya nemi izini a rubuce daga ma'aikatar a Alausa. Za a bincika gidansa da lafiyarsa da abin hannunsa, kotun iyali ce ke yanke hukunci na ƙarshe. Akwai riƙo wanda yaro ke ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, wanda shi ya dace da koyarwar addininmu, sai a bayyana wa ma'aikatan irin wanda ake nema tun farko. Duk wanda ya ce zai samo maka jariri ta bayan gida, kurkuku yake nema maka.

Haka nan masu ɗauko yara daga ƙauye, a kawo yarinya 'yar shekara goma aikatau ko talla a kan titi. Dokar jihar ta hana, kuma makarantar firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati ba a biyan kuɗin karatu. Idan ɗan ɗan'uwanka ne ka ɗauko, riƙe wasiƙar iyayensa da lambar wayarsu, ka sa shi makaranta.

Idan an kama wani naka wajen bara

Wannan ya fi shafar mu fiye da kowace al'umma a jihar, kuma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. Gwamnatin Legas ta haramta bara a titi, jami'anta suna kwashe mabarata da masu taɓin hankali, yawanci a kai su cibiyar gyara da koyar da sana'a ta Majidun a Ikorodu. Abin da za ka fara yi shi ne gano wa ya kama shi. Tambayi masu sana'a a wurin da yake zama, irin motar da ta zo da kayan da jami'an suka sa. Idan ma'aikatar matasa ce, bincike zai fara daga Alausa. Idan rundunar tsabtace gari ce, ofishinta yana Oshodi, kuma mai yiwuwa an gurfanar da shi gaban kotun tafi-da-gidanka, a nan sai a nemi lauyan OPD.

Tafi da hotonsa, da cikakken sunansa da laƙabin da aka san shi da shi, da katin shaidarka, da wasiƙar sarkin unguwa ko ta shugaban mabaratan, domin makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu, musamman a gidan Oko-Baba da ke Ebute Metta inda da yawansu ke zaune. Idan yana shan wani magani kullum, na hawan jini ko farfaɗiya ko siga, faɗa wa jami'an a ranar farko. Za a so a ji wa zai ɗauki nauyinsa da kuma inda zai zauna. Kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba. Idan an sako shi ya koma gadar da aka ɗauke shi, kamu na biyu ya fi na farko wuya. Zauna da dangi a yanke shawara tun kafin a je: ko a kama masa ƙaramar sana'a, ko a yi masa rajista da LASODA, ko a mayar da shi gida inda akwai mai kula da shi. Mai taɓin hankali kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan, ciwo ne da ake sha wa magani, ɗaure shi da mari a ɗaki zalunci ne.

Tallafin kuɗi da rance

A nan ne 'yan damfara suka fi yawa. Rajistar marasa galihu da gwamnati ke amfani da ita wajen rabon tallafi, ana haɗa ta ne ta hanyar shiga unguwanni, jama'a su nuna gidajen da suka fi buƙata, ma'aikata su zo su ɗauki bayani. Ba a sayen fom ɗinta. Saƙon da ke yawo a WhatsApp yana cewa danna nan ka saka BVN a turo maka kuɗi, tarko ne. Hanyar da za a san lokacin da ake ɗaukar sunaye ita ce shiga ƙungiyar ci gaban unguwa, CDA, wadda mutanenmu suka bar wa masu gidaje alhali ɗan haya ma yana da kujera a ciki. Mai sana'a da ke son rance mai sauƙin ruwa ya duba asusun samar da aikin yi na jiha, LSETF, wanda aka kafa a 2016. Shi ma zai nemi lambar LASRRA da shaidar biyan haraji.

Mataki na ƙarshe: bibiya

Fayil ba ya tafiya da kansa. Ma'aikatan kaɗan ne, masu matsala kuwa sun cika gari, kowane tebur da tulinsa. Koma ranar da aka ce ka koma, ko da kana jin babu abin da ya canja. Gaishe da ma'aikacin da mutunci, ambaci lambar fayil, tambayi matakin da ake ciki da wanda ke gaba. Idan an canja masa wurin aiki, nemi sunan wanda ya gaje shi ka sake gabatar da kanka. Idan an yi makonni babu motsi, nemi ganin shugaban ofishin. Idan nan ma shiru, rubuta takardar koke zuwa ga Babban Sakataren ma'aikatar a Alausa, da lambar fayil da ranakun da ka je kamar yadda suke a littafinka. Kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a ba ka, da shi za ka koma tambaya bayan sati biyu.